Sauƙin haɗawa da sauƙin gyara: yadda ake tsara jiki da makunnin injinan aikin hannu, da iyakar dokar batir ta Turai

Ranar 18 ga Fabrairu, 2027 aka tsayar domin fara aiki da sashe na 11 na dokar batir ta Tarayyar Turai mai lamba 2023/1542. Sashen ya ce, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, duk kayan da za a sayar a kasuwar Turai da ƙaramin batir a cikinsa, wajibi ne a ƙera shi yadda mai shi zai iya cire batirin ya sa wani da hannunsa. Tun da labarin ya bazu hankali ya fi karkata ga wayar salula, amma dokar ta haɗa da injinan aikin hannu masu batir, irin su injin huda, injin ɗaure noti, giranda da zarton lantarki.

Masu sana'a da dama sun ɗauka cewa nan gaba kowane inji zai riƙa buɗuwa cikin sauƙi, a gyara duk abin da ya lalace a cikinsa. Dokar ba ta kai nan ba. Abin da ke yanke hukuncin ko inji zai gyaru ko a jefar da shi ana tsayar da shi ne tun a teburin masu zayyana, lokacin da suke lissafin daƙiƙoƙin da ma'aikaci zai ɓata wajen haɗa jikin injin da makunninsa. Wannan lissafi shi ya sauke farashin injinan har suka iso hannun ƙananan masu sana'a, kuma shi ne a yau yake rufe wasu sassan yadda mai gyara ba zai kai gare su ba.

Mece ce ƙira don sauƙin haɗawa?

A masana'anta, haɗa inji yana nufin ɗaukar kowane sashe, a juya shi ya fuskanci inda ya dace, a saka shi a gurbinsa, a ɗaure. Kowane mataki yana cin lokaci, kuma a kowanne ana iya yin kuskure. Ƙira don sauƙin haɗawa ita ce a zana kayan tun farko da tunanin hannun da zai haɗa su, maimakon a gama zane sannan a miƙa wa masana'anta ta san yadda za ta yi.

Waɗanda suka mayar da wannan tunani tsararren ilimi su ne Geoffrey Boothroyd da Peter Dewhurst, malaman injiniya da suka fara aikin a Jami'ar Massachusetts ta Amurka kafin su koma Jami'ar Rhode Island. Sun kafa kamfaninsu a 1983, kuma a 1991 gwamnatin Amurka ta ba su lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha. A Japan ma kamfanin Hitachi ya fito da nasa ma'aunin tun shekarun 1970.

Zuciyar tsarin Boothroyd da Dewhurst tambayoyi uku ne da ake yi wa kowane sashe. Shin yana motsi dabam da sassan da ke maƙwabtaka da shi? Shin dole ne a yi shi da wani abu dabam, kamar tagulla a inda wuta za ta bi ko roba a inda ake son tare ta? Shin in an haɗe shi da wani, zai hana a saka ko a cire sauran sassan? In amsar duka ukun a'a ce, to sashen ba shi da hujjar zama shi kaɗai, sai a nemi yadda za a haɗe shi da maƙwabcinsa ko a soke shi. Noti da washa da ƙaramin ƙarfen riƙe waya kusan kullum suna faɗuwa a wannan jarrabawa. Sassan da suka tsira kuma ana auna su da mizanin daƙiƙa uku, wato lokacin da ya kamata sashe mai kyakkyawar ƙira ya ci daga ɗauka zuwa sakawa.

Tambaya ta uku ta ambaci cirewa, ba sakawa kaɗai ba. Ma'ana, tsarin tun asali ya bar wa gyara ƙofa. Kamfani ne ke zaɓar yawan nauyin da zai ba wannan ƙofa.

Daga jikin ƙarfe zuwa na roba

Kamfanin Fein na birnin Stuttgart a Jamus ya ƙera injin huda na hannu mai aiki da lantarki a 1895, nauyinsa ya haura kilo 7, sai da hannu biyu ake riƙe shi. A 1917 kamfanin Black & Decker na Baltimore ya samu rajistar ƙirar da har yau ake bi: mariƙi irin na ƙaramar bindiga, da makunnin da ake ja da ɗan yatsa. Shi ne kuma ya fito da injin huda mai batir a 1961.

Tsawon shekaru jikin waɗannan injina ƙarfe ne, galibi alminiyom. Haɗarinsa a fili yake. In waya ta goge a ciki ta taɓa jiki, wutar za ta bi hannun mai aiki, sai dai in akwai waya ta uku mai sauke ta ƙasa kuma ginin da ake aiki a ciki yana da wannan haɗin. Maganin da aka samo shi ne kariya ninki biyu, wato a sa shinge biyu masu zaman kansu tsakanin wuta da hannun mutum, yadda in ɗaya ya gaza ɗayan zai tare. Injin da aka yi wa haka yana ɗauke da alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba, kuma ba ya buƙatar waya ta uku.

A farkon shekarun 1970 Black & Decker ya hango cewa wannan kariya za ta zama tilas, sai ya yanke shawarar sake zana injinansa gaba ɗaya. Alvin Lehnerd, ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci aikin, ya bayyana halin da suka tarar: nau'in mota (wato injin lantarkin da ke cikin kayan) 30, gidan mota 60, da amecha (sashen motar da ke juyawa) fiye da 100, kowanne da kayan ƙera shi na dabam. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 17 cikin shekara uku. Suka tsayar da mota mai kauri ɗaya, tsawonta kawai ake ƙarawa ko a rage, ta ba da ƙarfi daga wat 60 zuwa 650. Da kaurin mota ya zama ɗaya, sai gidanta ma ya zama ɗaya ga injin huda da zarto da injin goge katako, aka kuma daidaita makunni, giya, boris da waya. Farashi ya faɗi ƙwarai, inji ya tashi daga kayan ƙwararru ya zama abin da magidanci ke saye ya ajiye.

Darasin da masana'antar ta ɗauka daga nan shi ne cewa roba ta yi aiki biyu a lokaci ɗaya. Ta tare wuta, sannan ta ba da damar a zuba gurbin kowane sashe a jikin gidan kansa. Abin da a da sai an huda ƙarfe, an yanka zare, an ɗaura maƙala da noti, yanzu yana fitowa daga mazubi a shirye.

Jikin inji: ƙira biyu

Ƙirar da ta fi yawa a injinan huda ita ce mai ɓari biyu, kamar kwanson gyaɗa da aka fasa ta tsawonsa. A layin haɗawa ana kwantar da ɓari ɗaya a kan tebur, a riƙa sauke kaya a ciki daga sama: mota da giya su zauna a gurbinsu, makunni ya shige tsakanin haƙarƙarin roba biyu da aka zuba dominsa, a danna wayoyi cikin 'yan kwaroron da aka tanadar musu, a kifa ɗaya ɓarin, a ɗaure. Ba a juya injin, ba a neman hannu na uku da zai riƙe wani abu. Masu zayyana suna ƙoƙarin notinan duka su zama tsawo ɗaya da kai ɗaya, domin ma'aikaci kada ya tsaya zaɓe ko canza abin ɗaurewa. Akwai dalilin tsaro a ciki ma, saboda noti mai tsawo da ya shiga ramin gajere yana iya kaiwa ga waya.

Ƙira ta biyu ita ce ta bututu, wadda ake gani a giranda da manyan injinan fasa kankare. Gidan motar dunƙule yake babu tsaga, ana tura kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar motar, ciki ta baki ɗaya, a ɗaura akwatin giya na ƙarfe a gaba, a rufe baya da murfi. Haɗa shi ya fi cin lokaci saboda ana aiki a cikin rami. Amma dunƙulallen gida ya fi riƙe boris biyu a kan layi ɗaya, abin da mota mai juyi kusan 11,000 a minti take buƙata. Mai gyara kuma yana samun sauƙi, domin da ya zare murfin baya zai ga burushin da ke kai wuta ga amecha da kuma makunni ba tare da ya wargaza injin ba. A mai ɓari biyu, da an ɗaga murfi komai ya fito fili lokaci guda, kuma mayar da sandar gaba-da-baya daidai kan makunni ba tare da an danne waya ba aiki ne mai neman natsuwa.

Robar kanta iri-iri ce. Injinan ƙwararru galibi ana yin su da nailan da aka cakuɗa da zaren gilashi, kuma in an duba cikin gidan ana iya ganin tambarin PA6-GF30, wato kashi 30 cikin ɗari gilashi ne. Masu araha sukan yi amfani da robar ABS, wadda ba ta jure zafi kamar nailan. In motar ta yi zafi sosai gurbin boris yana iya yin laushi, amecha ta fara gogar kwayil. Baƙar roba mai taushi da ke kan mariƙi kuwa ba liƙa ta ake yi ba a injina masu kyau, zuba ta ake yi kai tsaye a kan mai taurin, an kawar da gam da aikin liƙawa ke nan.

Tambayar da ake yawan yi ita ce, tunda noti yana cin lokaci, me ya sa ba a rufe injinan da 'yan ƙugiyoyin roba masu kamawa da dannawa ɗaya, irin na rimot ba? Ana amfani da su a ƙananan murafe da cikin makunni, amma babban jiki har yanzu noti ne ke riƙe shi. Ƙugiya tana buƙatar roba mai lanƙwasuwa, nailan mai gilashi kuwa tauri ne da shi, ya fi saurin karyewa a kan lanƙwasa. Ga girgiza ta yini guda. Sannan ƙa'idar tsaro ta duniya ta waɗannan injina, IEC 62841 wadda ta gaji IEC 60745, tana buƙatar inji ya jure faɗuwa daga tsawon mita ɗaya a kan kankare ba tare da sassan wuta sun bayyana ba, kuma kada hannu ya kai gare su sai da kayan buɗewa. A wannan gaɓa tsaro ya rinjayi gaggawar masana'anta, mai gyara kuma ya ci moriya.

Makunni, inda wahalar take

A cikin injin huda, makunni ne sashen da ya fi tara ƙananan abubuwa: abin ja, sifirin, 'yan tagullar da ke haɗa wuta, sandar juya gaba da baya, da ɗan allon da ke ƙara gudu ko rage shi gwargwadon yadda aka ja. A injin da ke shan wutar gida, wani ƙaramin sashe ne ke yanke wani ɓangare na kowane kaɗawar wutar domin rage gudu. A mai batir kuwa ana kunna wutar ana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, tsawon kowane kunnawa shi ke tsayar da gudun.

Ba banza ba ne ya sa ɗaya daga cikin sanannun labaran hana kuskure a masana'anta ya faro daga makunni. A 1961 injiniyan Japan Shigeo Shingo ya ziyarci masana'antar Yamada Electric, inda ma'aikata ke haɗa makunni mai maɓalli biyu, kowanne da sifirin a ƙarƙashinsa, kuma lokaci zuwa lokaci sai a manta da ɗaya. Gargaɗi bai yi magani ba. Shingo ya ba da shawarar ma'aikaci ya fara ɗauko sifirin biyu ya ajiye a ɗan faranti kafin ya soma. In ya gama ya ga saura ɗaya a farantin, ya san ya yi mantuwa tun kafin kayan su bar hannunsa. Wannan tunani ne ya sa a yau ake yi wa makunni ɗan tudu a gefe ɗaya yadda ba zai shiga gurbinsa a juye ba, ake kuma bambanta faɗin bakin wayoyi yadda ta ja ba za ta shiga ramin baƙa ba.

Babbar matsalar ita ce waya. Sashe mai tauri yana zama inda aka ajiye shi, waya kuwa lanƙwashewa take, ta harɗe, ta fita daga kwaroronta a daidai lokacin da ake rufe murfi. Na'ura mai sarrafa kanta ma ba ta iya mata da kyau. Saboda haka tarihin makunni kusan tarihin rage waya ne. An faro da ɗaure kowace waya da ƙaramin noti, aka koma liƙawa da dalma, aka zo ga baki mai zurawa, sannan ramin da ake cusa waya ya kama ta da kansa. A injinan batir aka haɗe makunni da bakin da ke karɓar batir suka zama abu ɗaya da ake saukewa cikin gida a tashi guda.

Zuwan mota marar burushi ya ƙarasa wannan tafiya. A tsohuwar mota burushin gawayi ne ke kai wuta ga amecha, yana cinyewa a hankali, a canza shi da kuɗi kaɗan. Sabuwar ba ta da shi, allon lantarki ne ke rarraba wuta ga kwayil, makunni kuma a injina da yawa saƙo kawai yake aika wa allon. Motar ta fi ƙarancin zafi, batir ya fi daɗewa, babu tartsatsi. Sai dai allon ba ya son ƙurar ƙarfe da danshi da girgiza, don haka ake zuba masa danƙo mai daskarewa ya binne shi ɗungurungum. A wasu injina allon da makunni da bakin batir, wani lokaci har da kwayil ɗin motar, suna zuwa a matsayin kaya ɗaya mai lamba ɗaya. Ga masana'anta wannan nasara ce, sassa da yawa sun koma ɗaya. Ga mai injin kuwa, lalacewar ɗan sifirin a makunni tana iya nufin sayen dukan tarin, a farashin da ya isa ya sa mutum ya fara tunanin sabon inji.

A giranda akwai wani zaɓi da ya shafi rai kai tsaye. Makunni mai turawa yana kullewa a kunne, hannu ya huta, kuma shi ne mafi sauƙin ƙira. Mai faffaɗan harshe a ƙarƙashin jiki kuwa yana mutuwa da zarar an sake shi. Haɗarin mai kullewa yana fitowa ne in wuta ta ɗauke ana cikin yanka: mai aiki ya ajiye injin a kunne, wuta ta dawo, faifai ya tashi da gudu a ƙasa. Maganinsa ƙaramin allo ne da ke hana injin tashi sai an kashe an sake kunnawa. Ƙarin sashe ne da ƙarin waya, abin da lissafin sauƙin haɗawa ba ya so, shi ya sa giranda mafi araha sukan zo babu shi.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu ƙerawa suna da hujjar da ba za a raina ba. Kowace mahaɗar waya wuri ne da zai iya sassautawa ko ya yi tsatsa, kowane noti yana iya kwancewa da girgiza, don haka inji mai ƙarancin sassa ya fi jinkirin lalacewa. Allon da aka binne a danƙo yana rayuwa a inda buɗaɗɗe zai mutu cikin 'yan watanni. Sun kuma ce a ƙasashen da ladan ma'aikaci ke da tsada, sa'a ɗaya ta mai gyara tana iya fin kuɗin sashen, saboda haka canza tarin gaba ɗaya cikin 'yan mintuna ya fi wa mai kaya sauƙi. Akwai batun alhaki ma: in wani ya buɗe makunni ya mayar ba daidai ba, inji ya ƙi mutuwa a hannun mai aiki, sunan kamfanin ne a jiki.

Masu fafutukar 'yancin gyara ba su musanta amfanin rage sassa ba. Ƙorafinsu shi ne ana haɗe abin da ke saurin cinyewa da abin da ke daɗewa. Makunni ana jan sa sau ɗaruruwa a yini, kwayil kuwa yana iya shekaru lafiya lau, to haɗa su wuri ɗaya yana mayar da tsawon ran kwayil ya zama na makunni. Suna kuma nuni da notinan da aka yi wa kai na musamman, da batiran da ba sa shiga injin wani kamfani ko da ƙarfinsu ɗaya.

In aka auna ɓangarorin biyu, mafi yawan dabarun sauƙin haɗawa ba sa gaba da gyara. Noti iri ɗaya, gurbi bayyananne, bakin waya mai zurawa da sashen da ba ya shiga a juye duk suna taimakon mai gyara kamar yadda suke taimakon ma'aikacin masana'anta. Saɓanin ya taƙaita ne a wurare uku: haɗin da ba ya kwancewa, kamar gam da narka roba da roba, binne allo a danƙo, da dunƙule sassa masu bambancin tsawon rai. Ko a nan ma akwai tsaka-tsaki, domin ana iya binne allon a bar makunni a waje da 'yar mahaɗa mai zarewa. Kuɗin da wannan mahaɗa ke ƙarawa kaɗan ne a inji ɗaya, amma kamfanin da ke ƙera miliyoyi yana ganinsa a lissafi.

Abin da dokokin suka taɓa da wanda suka bari

Sashe na 11 ya bayyana abin da yake nufi da sauƙin cirewa: a iya fitar da batir da kayan aikin da ake samu a kasuwa, ba tare da zafi ko sinadarin narka gam ba, ba kuma da kayan buɗewa na musamman ba sai in kamfani ya bayar da su kyauta. Dole batirin ya kasance ana sayar da shi aƙalla shekara biyar bayan an daina fitar da samfurin, kuma an hana amfani da manhaja wajen toshe batirin da ya dace da injin.

Manyan injinan batir sun riga sun cika sharaɗin cirewa, tunda batirinsu zarewa yake da danna maɓalli. Waɗanda sauyin zai fi shafa su ne ƙanana masu batir a cikin mariƙi, kamar injinan ɗaure noti na gida. Dokar ta tsaya ga batir a dunƙulensa, ba ta tilasta a iya canza ƙwayoyin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya ba. Ba ta ce batirin wani kamfani ya shiga injin wani ba. Haɗakar amfani da batir iri ɗaya da ake gani, irin CAS da Metabo ya jagoranta a 2018 da Power for All ta Bosch a 2020, yarjejeniyar kamfanoni ce ta ganin dama. Ba ta kuma ce komai a kan makunni ko allo ba.

Dokar 'yancin gyara ta Turai mai lamba 2024/1799, wadda aka ba ƙasashe wa'adin 31 ga Yuli, 2026 su fara aiki da ita, ta ɗora wa kamfanoni nauyin gyara kayan da ke cikin wani jeri. Akwai injin wanki, firiji, wayar salula da injin walda a ciki, amma babu injin huda ko giranda. Sabuwar dokar injina mai lamba 2023/1230, da aka sa wa ranar 20 ga Janairu, 2027, ta shafi waɗannan injina, sai dai tsaro ne abin da ta sa a gaba.

Abin da zai iso ga mai walda da kafinta

Dokokin Turai ba su da iko a Kano ko Maraɗi, amma tasirinsu yana iya biyo kaya. Mazubin ƙarfe da ake zuba jikin inji a ciki yana da tsada sosai, don haka kamfanin da ke sayarwa a Turai da Afirka sau da yawa ya fi son ƙira ɗaya. Wannan bai shafi injinan da ake ƙerawa musamman don kasuwannin da farashi ke mulki ba. Kaso mai yawa na injinan duniya daga China yake fitowa, daga garuruwa irin su Yongkang da Qidong, kuma masana'anta ɗaya tana iya fitar da jiki iri ɗaya da ciki dabam-dabam gwargwadon abin da mai oda ya biya. A Najeriya tsarin SONCAP na hukumar kula da ingancin kaya ta SON ne ke tantance kayan da ake shigowa da su, shi ma ingancin tsaro yake dubawa, ba sauƙin gyara ba.

Lissafin da kamfanoni ke yi na cewa gyara ya fi sashe tsada a nan a juye yake. A Panteka ta Kaduna ko Sabon Gari ta Kano aikin hannu ya fi kayan da aka sayo da dala araha nesa ba kusa ba. Shi ya sa giranda mai waya da burushi take daɗewa a hannun mai walda: a canza burushi, a canza boris, a kai amecha wajen mai naɗin kwayil, a sa makunnin wani samfurin da ya yi daidai da gurbin. Yayin da injinan batir marasa burushi ke ƙaruwa, saboda rashin tsayayyiyar wuta da tsadar man janareta, wannan sana'a ta gyara za ta riƙa cin karo da sassan da ba su buɗuwa. Aikin zai karkata ga canza tarin gaba ɗaya, ga kuma buɗe batir a sauya ƙwayoyinsa, wanda yake da haɗarin gobara in an haɗa ƙwayoyi marasa daidaito ko an tsallake allon kariya.

Yanayin aiki ma yana ƙara nauyin waɗannan zaɓuɓɓuka. Ƙurar hunturu da garin ƙarfe suna shiga makunnin da ba a rufe da kyau ba, su sa shi tartsatsi ko ya maƙale. In makunni ya mutu aka rasa irinsa, wasu sukan haɗa wayar kai tsaye, inji ya koma tashi da zarar an cusa fulogi, kuma wannan ya fi kowane makunni mai kullewa haɗari. A inda wuta ke ɗaukewa ta dawo babu sanarwa, kariyar hana tashi da kai ta fi amfani fiye da a ƙasashen da aka ƙirƙiro ta.

Mai saye yana iya gane abubuwa da dama kafin ya biya. Alamar murabba'i biyu tana nuna kariya ninki biyu, abin da ke da muhimmanci a shagon da babu waya mai sauke wuta ƙasa. Notinan da ake gani a fili da murfin burushi a waje suna nuna injin da aka yi don a buɗe shi. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka na wutar 120 ne, tamu kuwa 230 ce, sai da tiransifoma. Batirin da aka rubuta wa 20V da mai 18V galibi ƙwayoyi biyar ne a jere a cikinsu duka, ɗaya an auna shi yana cike, ɗayan a matsakaicin aikinsa. Tambayar da ta fi bayyana gaskiyar inji ita ce a nemi mai shago ya faɗi kuɗin makunninsa shi kaɗai, da ko ana sayar da shi dabam ko sai tare da allo.